Idan Shugaban Ƙasa Ya Ƙi Sa Hannu a Kan Ƙudirin Doka

Malam, tambayarka ita ce: idan majalisa ta zartar da ƙudiri, shugaban Najeriya ya ƙi sa hannu, shi ke nan ya mutu? A'a.

Sashe na 58 na tsarin mulkin 1999 ya ba shugaba kwana 30 ya amince ko ya ƙi. In ya ƙi, Majalisar Dattawa da ta Wakilai za su iya sake zartar da ƙudirin, kowacce da rinjayen kashi biyu cikin uku, sai ya zama doka ba sa hannunsa. Haka aka yi wa Obasanjo a 2000 kan dokar kafa hukumar raya Neja Delta. Amma abu ne mai wuya, musamman in jam'iyyarsa ce ke da rinjaye. Da Buhari ya yi ta mayar da gyaran dokar zaɓe a 2018, majalisa ba ta tsallake shi ba.

Kuskuren da na fi ji a majalisar mai shayi: wai kwana 30 na cika ƙudiri ya zama doka da kansa. Ba haka ba ne, sai an sake kaɗa ƙuri'a. Kasafin kuɗi kuwa hanyarsa daban ce, tana sashe na 59. In shi kake bibiya, ka nemi lauyan da ya san tsarin mulki.