Tulun da ya fito daga ramin tubali

Tambaya: Malam, ni mai bugun tubali ne a Maraɗi. Muna haƙar laka a wani filin gwamnati kusa da Gulbi, sai diga ta ci karo da wani babban tulu a kife, da ƙasusuwa da duwatsun wuya a ƙarƙashinsa. Wani ya taya mini jikka ashirin. In sallama?

Amsa: Ɗan'uwa, don girman Allah kada ka sallama, kada ma ka ɗaga shi daga inda yake. Mayar da ƙasa a hankali ka rufe, ka tsayar da aiki a gefen, ka gaya wa mai unguwa, ku tafi ma'aikatar magajin gari tare. Dokar Nijar mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997, wadda ke kare kayan tarihi, ba ta yarda a yi tono ba izini ba. Masanan tonon kayan tarihi suna IRSH, cibiyar bincike ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai.

In sun zo za ka ga ba su da gaggawa. Sukan ja zare su yanka filin murabba'i-murabba'i, su riƙa kankare ƙasa hawa-hawa da ɗan cokalin magini da buroshi, su tankaɗe ta a rariya don ko ƙwayar dutsen wuya kada ta ɓace. Kafin a taɓa tulun sai an ɗauki hotonsa, an auna zurfinsa, an ba shi lamba. Ɗan gawayin da kai za ka shure da ƙafa, shi suke naɗewa da kyau, don da shi ake auna shekarun wurin. Daga baya a rubuta rahoto, kayan su shiga ajiyar hukuma. Tulun da aka fizge aka kai kasuwa ya zama bebe, ba mai sanin na wane zamani ne.

Abin da ya sami Bura, can yankin Tera, har yau yana ci mini rai. An gano wata tsohuwar maƙabarta a can a 1975, masanin tarihi Boubé Gado ya tona ta bisa ƙa'ida a 1983. Da gumakan yumɓunta suka yi suna a Turai, 'yan tono suka far wa yankin, aka yi ta jidar kaya ana fitarwa waje.

Kuma ka tuna, tsohon garin Maraɗi a fadama yake kafin ambaliyar 1945 ta sa aka hau tudu. Mai yiwuwa makwancin wani ne ka buɗe. Gobe da safe ka je wurin mai unguwa, kafin maganar ta bazu.