Amsar Baffa kan tuɓe azzalumin shugaba da ƙarfi

Ɗana, saƙonka ya same ni a zaure bayan la'asar. Ka ce kuna da muhawara a jami'a kan ko ya dace a sa soja su kawar da shugaba mai kama-karya, kana so ka ji yadda mutanen da suke yi da sarkin da ya addabi talakawa. To, ga abin da na taso na ji, da wanda idona ya gani.

Kada wani ya ce maka a gargajiyarmu ba a taɓa sarki. Ranar hawan sallah ka kasa kunne ga kirarin Sarkin Katsina: magajin Korau, yanka mashidi baƙon Sanau. Labarin da aka gada shi ne Korau ya zo daga 'Yandoto, ya kada Sarki Sanau a kokawa, ya yanka shi, sarauta ta fita daga gidan Durɓawa. Takobin sarautar nan da ake kira Gajere yana fada har yau. Amma takobi shi ne na ƙarshen fitowa. Akwai masu zaɓen sarki, Ƙaura da Galadima da 'Yandaka da Durɓi, waɗanda ba a raina maganarsu. Akwai malamai da ke shiga su yi nasiha ido da ido, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mafificin jihadi shi ne faɗar gaskiya a gaban azzalumin shugaba. Talaka kuma yana da nasa makamin: ya ɗaure kaya a jaki da dare ya yi ƙaura. Hakimin da ƙauyukansa suka watse, babu mai biyansa haraji, ya gama yawo ko ba a zare masa takobi ba.

A 1807 Malam Ummarun Dallaje ya ci Katsina da tutar Shehu, kuma zalunci na cikin dalilan da masu jihadi suka kafa. Duk da haka dubi abin da ya biyo baya. Gidan sarautar Haɓe ya koma arewa ya kafa Maraɗi, aka shafe shekaru da dama ana kai wa juna hari, manoma ne ke kwana a daji. Masu jihadin ma fa 'yan ƙasa ne, sun zo da alƙalansu da tsarinsu a hannu. Da Turawa suka tuɓe Sarki Yero a 1906 suka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko, Katsina ta dace da sarki na gari, sai dai rawani ya riga ya koma hannun Razdan, wato Baturen mulki.

Abin da ya sa ba na son sojan baƙi ke nan. A 2011 jiragen NATO, ƙawancen sojan ƙasashen Yamma, suka yi ta luguden wuta a Libiya har aka kashe Gaddafi a Sirte. Ban ce mutumin waliyyi ne ba. Amma yaran unguwarmu da ke aikin gini da ɗinki a can, na ga dawowarsu ta Agadas, wani daga shi sai rigar jikinsa, leɓe duk ya tsage don ƙishirwa. Rumbunan makamai suka buɗe, bindigogi suka bazu a Sahel, Mali ce ta fara ɗanɗanawa. Waɗanda suka jefa bama-baman kuwa suna gidajensu lafiya lau.

Abokan muhawararka za su kawo maka Gambiya, kuma suna da gaskiya. Yahya Jammeh ya faɗi zaɓe a Disambar 2016 ya ƙi sauka, sojan ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, suka shiga a Janairun 2017, ya tattara ya bar ƙasar ba a yi yaƙi ba. Ka lura dai, jama'a sun riga sun zaɓi Adama Barrow, an san wanda zai zauna kan kujerar washegari. Da ECOWAS ɗin ta yi barazanar afka wa Nijar bayan an kifar da Shugaba Bazoum a 2023, nan Katsina hankalin kowa ya tashi, har da masu ƙin juyin mulkin. Rufe iyaka kaɗai ya durƙusar da kasuwar Jibiya, ina ga an harba harsashi? Gwaggonka fa a Maraɗi take aure.

Ba zan ɓoye maka ba, ni ma na taɓa fatan bindiga. Ranar da aka kawo gawar Shehu Musa 'Yar'aduwa daga kurkukun Abakaliki a Disambar 1997, garin nan ya yi tsit, na ce a raina da wani soja zai tashi ya kawar da Abacha da na yi sadaka. Cikin watan Yunin 1998 Allah ya ɗauki ransa ba wanda ya ɗaga ko sanda, shekara na zagayowa aka miƙa mulki ga farar hula.

In ɓangaren masu goyon baya aka ba ka, ka riƙe Gambiya da kyau. In ka zo hutun sallah ka tuna mini mu je Durɓi ta Kusheyi ka ga kushewun sarakunan farko da idonka. Ka gaida mahaifiyarka.

Baffanka