Amsa ga Hajiyar da ta tsinci tramol a aljihun ƙaninta direba

Assalamu alaikum. Hajiya, Allah ya saka miki da alheri da kika fito da wannan magana fili, don gidaje da yawa a Aboabo da Asawase da Sawaba suna fama da irinta amma kunya ta hana su buɗe baki. Kin ce ƙaninki ya fara jan ƙaramar bas ta haya ƙirar Sprinter tsakanin Kumasi da Tamale, yawanci tafiyar dare, kin ga fakitin tramol a aljihunsa wajen wanki, da kika tuntuɓe shi ya ce kowane direba yana sha don kada barci ya sace shi, shi ba mashayin giya ba ne, kuma na'urar da 'yan sanda ke sa mutum ya hura ba ta kama shi. Kina so ki san ko gaskiya ya faɗa, da abin da ya kamata ki yi.

Ni tsohon direba ne, hanyar arewa na fi bi, yanzu kuma ina cikin dattawan da ke kula da lodi a wata tasha a nan Kumasi. Da wannan nake ba ki amsa.

Maganar na'ura, gaskiya ya faɗa miki. Giya kaɗai take aunawa a cikin numfashi. Ba ta san tramol ba, ba ta san wiwi ba, ba ta san maganin tari mai kodin ba. Amma ya faɗi rabi ya ɓoye rabi. Dokar hanya ta 2004, wadda ake kira Act 683, ta sa wa giya iyakar kashi 0.08 cikin ɗari a jini lokacin da aka kafa ta, sannan ita dai wannan dokar ta ce laifi ne mutum ya tuƙa mota alhali giya ko ƙwaya ta hana shi sarrafa ta yadda ya kamata. Ƙwaya na ciki ƙarara. Kuma abin da numfashi bai nuna ba, jini da fitsari suna nunawa a asibiti. Ranar da aka yi hatsari aka rasa rai, Allah ya kiyaye, ba hurawa za a tsaya a kai ba.

Amma ni ba kamun ɗan sanda nake ji masa tsoro ba. Ƙwayar kanta nake ji masa.

Tramol maganin ciwo ne mai ƙarfi, likita ke rubuta shi ga wanda aka yi wa tiyata ko mai karaya. Ƙarfin da hukumar magunguna ta Ghana ta amince da shi miligiram 50 ne da 100. Wanda yaranmu ke saye a lungu kuwa 120 ne, 225, har 250, ya shigo ta ɓarauniyar hanya, ba wanda zai rantse miki da abin da ke cikinsa. Kuma ba ya korar barci, wannan ita ce ƙaryar da ta fi cin direbobi. Abin da yake yi shi ne ya kashe ciwon baya da na wuya da nauyin jikin nan da ke gaya wa mutum cewa ya gaji, ya sauka ya huta. Gajiyar tana nan inda take, jin ta ne kawai ya tafi. Sai yaro ya ji shi garau, yana ta surutu da fasinjan gaba, alhali ƙafarsa ta yi jinkirin zuwa birki.

Akwai kuma farfaɗiya, wadda ba sa son a ambata. Na gani da idona a tasharmu. Wani matashi, mota ta kusa cika, an ɗaure kaya a baya, ya je wajen mai shayi ya ɓare ƙwaya biyu ya zazzage garin cikin kofinsa, ya juya da cokali ya shanye. Ya dawo yana susar hanci da wuya, gumi na tsattsafo masa alhali da sanyin asuba ne. Yana tsaye yana karɓar takardar fasinjoji sai kawai ya sandare ya faɗi, haƙora suka datse, kumfa a baki, ƙafafu na bugun ƙasa. Muka kwantar da shi ta gefe, muka hana masu son cusa masa cokali a baki, aka kai shi asibitin Komfo Anokye. Wata tsohuwa da ke kujerar bayan direba, da jikarta a cinya, ta sauko ba ta ce uffan ba, ta nemi a kwance mata buhunta. Da abin ya jinkirta da rabin awa, a kan titin Offinso zai same shi, da mutane cike da mota. Yaron nan bai taɓa farfaɗiya ba a rayuwarsa. Yawan tramol na jawo ta ga mai lafiya ƙalau.

Ki yi masa wannan lissafin, don direba ya fi jin lissafi a kan wa'azi. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa, wanda shi ne iyakar da doka ta ba babbar hanya, tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Gyangyaɗin daƙiƙa uku, mita 75 ke nan mota na tafiya ba kowa a kanta. Masu bincike sun auna sun ga wanda ya yi awa 17 ido biyu, tuƙinsa daidai yake da na wanda ke da giya 0.05 a jini, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba ƙasashe shawara kada a wuce. To ga rashin barci, ga ƙwaya a kai. Kuma shi ya san hanyar da yake bi. Da an wuce Techiman an nufi Kintampo da Buipe, duhu ne, ga manyan motocin albasa da na tumatir da na shanu suna gangarowa, ga tirelar da ta lalace a tsakiyar titi, ba fitila, ba alama sai 'yan ganyen da yaron mota ya karyo ya zuba. Mai cikakken hankali ma da ƙyar yake kauce mata. A wajen Kintampo ne a Fabrairun 2016 bas ta yi karo da motar tumatir, mutum sama da 50 suka rasu. A Maris na 2019 bas biyu suka haɗu cikin dare a wannan yankin, ɗaya ta kama wuta, aka sake rasa sama da 50. Ba ina ɗora waɗannan a kan ƙwaya ba ne, ina nuna miki irin hanyar da ƙaninki ke bi da hankali rabi. A ƙasar nan fiye da mutum 2,000 ke mutuwa a hanya duk shekara, a 2021 ma an kusa 3,000.

Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda muka ɗauka maganar tuƙi cikin maye ba da mu ake ba. Duk lokacin Kirsimeti, ko bikin Ista da ake tururuwa zuwa Kwahu, za ki ji ana ta faɗakarwa a rediyo kan akpeteshie, wato giyar gargajiya mai ƙarfi, da giyar leda, sai yaron zango ya ce alhamdu lillahi shi Musulmi ne. Alhali Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi duk abin da ke sa maye haramun ne, bai ware na kwalba ya bar na fakiti ba. Kuma mu daina yaudarar kanmu, cikin namu ma akwai masu kurɓar ta leda a bayan tasha su tauna goro a kai. Ga wani abin da ba ma lissafawa: watan azumi. Mutum ya yi tarawihi, ya yi hira har sahur, ya yi asuba, ya hau mota. Ba ƙwaya ba giya, amma hatsarinsa bai gaza na mashayi ba. Haka wanda mura ta kama ya sha Piriton ya kama sitiyari.

Kan 'yan sanda kuwa, tunda wasu na cewa ba abin da 'yan sandan suka sani sai tsayar da mota, bari in faɗi abin da na gani. Accra ta shiga shirin kiyaye haɗurra na gidauniyar Bloomberg a 2015, Kumasi ta shiga a 2020, kuma horar da 'yan sandan MTTD, wato masu kula da hanya, na cikin aikin shirin. An taɓa gayyatar mu shugabannin tasha wani zaman bita tare da jami'ai, na ga abubuwan da ban san ana koyarwa ba. Ana koya musu cewa idan mutum bai daɗe da kurɓa ba, ko ya kurkure baki da abu mai giya, a dakata kamar minti 15 kafin ya hura, don kada a auna ta baki maimakon ta jini. Ana koya musu cewa na'urar kanta sai ana kai ta ana daidaita ta lokaci-lokaci, in ba haka ba lauya zai rushe shaidar a kotu. Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne wani malami da ya tsayar da ɗaya daga cikinmu, ya ɗaga biro a gaban fuskarsa, ya ce ya bi shi da ido kada ya juya kai. Daga nan ya sa shi tafiya a kan layi, diddige na taɓa yatsa, ya juyo, sannan ya tsaya da ƙafa ɗaya yana ƙirga. Ya ce ku lura da ƙwayar ido, da yadda harshe ke nauyi, da wanda aka ce ya miƙo lasisi ya tsaya yana lalube. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Jami'in da ya sami wannan horon zai gane ɗan tramol ko babu na'ura a hannunsa, kuma ina fatan a yawaita irinsa, a kai shi har shingayen da ke can cikin daji, ba manyan birane kaɗai ba.

Sai dai ko wane irin horo aka ba shi, minti ɗaya yake ganin direba, cikin dare, da tocila. Mu kuma direbobi mun saba da naɗe 'yar takardar kuɗi cikin lasisi tun kafin a tambaye mu, don kada a leƙa fuskarmu. Wannan laifinmu ne, mu muke saye wa kanmu hanyar kabari da sidi kaɗan. Wanda ya ga yaron nan awa biyu kafin ya tashi shi ne mai rubuta lodi, da mai shayi, da shugaban tasha. Wadda ta san jiya bai kwana a gida ba ke ce. Shi ya sa a tasharmu, tun bayan abin da ya faru da matashin nan, wanda ya sauke fasinja da asuba ba a sa shi a layi sai ya kwanta, wanda kuma muka ga alama a jikinsa muna karɓe makulli mu ba wani. An zage mu a kan haka, an ce muna toshe wa yara abinci, ba mu fasa ba.

Tushen abin kuwa kuɗi ne, kada ki manta da wannan in kin zauna da shi. Dokokin hanya na 2012, L.I. 2180, sun ce direban haya kada ya wuce awa 4 yana tuƙi bai huta ba, kada kuma ya wuce awa 8 ko kilomita 500 cikin awa 24. Kumasi zuwa Tamale ta kusa kilomita 400. Ashe duk wanda ya je ya juyo a rana guda ya karya doka tun bai sha komai ba. Amma mai mota ya yanka masa abin da zai kawo, ga mai, ga kuɗin tasha, ga gyara a Magazin, unguwar makanikai, in kuma motar ta biya-a-hankali ce to bashi na bin sa ko ya yi lodi ko bai yi ba. Yaro ba don daɗi ya fara sha ba, don ya iya juyowa ne. Idan aka raba shi da ƙwaya aka bar shi da wannan lissafin, wata guda ba zai yi ba zai koma.

Don haka, Hajiya, kada ki tara masa jama'a, kada ki kira shi ɗan ƙwaya a gaban matarsa ko ƙannensa, zai toshe kunne ne kawai. Ki same shi ku biyu bayan ya yi barci ya ci abinci, ki tambaye shi guda nawa yake sha a rana, tun yaushe, kuma yaya yake ji ranar da bai sha ba. In ya ce jiki na ciwo, hamma, zufa, gudawa, rashin barci, zuciya na tashi, to jikinsa ya riga ya saba, kuma yankewa rana ɗaya zai wahalar da shi har ya koma da abin da ya fi na da. Likita ne zai rage masa a hankali. Akwai sashen masu kula da irin wannan a Komfo Anokye, ku je tare. Wanda ya ba ki shawarar a kai shi inda za a ɗaure shi da mari, don Allah kada ki bi, duka ba ya cire ƙwaya daga jini. Addu'a kuwa a yi ta sosai, a haɗa da asibitin.

Sannan ki nemi babba a gidanku, kawu ko maigidanki, ya je wajen mai motar da shugaban tasharsu. Abu biyu za a roƙa: a mayar da shi tafiyar rana, ya riƙa kwana a Tamale ya juyo washegari, ko a haɗa shi da direba na biyu su riƙa karɓar juna a Kintampo, ko da abin da zai shigo aljihunsa zai ragu. Masu mota da yawa suna yarda in aka nuna musu cewa Sprinter ɗinsu ce za ta zama tarkace. Har zuwa lokacin da likita zai ce ya warware, bai kamata ya ɗauki fasinja ba, ko a ce gida za ta riƙa tallafa wa iyalinsa na 'yan makonni. Idan ya ƙi duk wannan ya ce sai ya ci gaba da sha yana tuƙi, to a gaya wa shugaban tasha gaskiya a karɓe makullin. Zai yi fushi da ke, wataƙila ya daina gaishe ki na wani lokaci, ki daure. In kuna buƙatar wanda zai raka kawun naku wajen shugabannin tashar, ki turo min saƙo ta gefe, yawancin na layin Tamale mun san juna. Allah ya shirye shi, ya tsare mana hanya.