Amfanin matashin ɗan wasa mai buga gurbi fiye da ɗaya

Tambaya: Malam, wane amfani sabon ɗan wasa mai buga gurabe daban-daban zai yi wa harin ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin Katsina United? Daga mai karatu a Daura.

Amsa: Amfaninsa babba ne, domin koci zai iya sauya salon kai hari ana tsakiyar wasa ba tare da ya sako wani ɗan wasa daga benci ba. Idan yaron ya baro gefe ya kutsa tsakiya, mai gadinsa yakan rasa abin yi: in ya bi shi, gefen ya buɗe, in ya tsaya, yaron ya samu sarari. Misali, Bukayo Saka ya buga baya ta hagu a Arsenal a kakar 2019/2020 kafin ya koma gaba ta dama. Sai dai ban goyi bayan a riƙa jujjuya yaro kowane mako ba, alhali bai riga ya ƙware a gurbi ɗaya ba.