Yaran aji huɗu ba sa iya karatu: daga ina za mu fara?

Tambaya: Ni ne shugaban kwamitin iyaye da malamai na wata makarantar firamare. Mun sami ɗan tallafi, sai kawuna suka rabu: wasu na cewa a sayi kwamfutoci, wasu littattafai, wasu kuma a yi wa azuzuwa fenti. Alhali da yawa daga cikin 'yan aji huɗu ba sa iya karanta jimla guda. Me ya kamata mu sa a gaba?

Amsa: Malam, a ƙarshen tambayarku gizo ke saƙa. Kada ku taɓa kuɗin nan sai kun san matsayin kowane yaro. Matsalar ba taku ce kaɗai ba: a 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi.

Gwajin karatun da zai nuna muku matsayin nan bai wuce minti biyar ga kowane yaro ba. A takarda guda ku rubuta haruffa goma, kalmomi goma, sakin layi mai jimla huɗu, da gajeren labari, a harshen da yaron ke ji sosai. Ku zauna da shi shi kaɗai, babu bulala a kusa. Ku fara da sakin layin: in ya wuce, ku hau labarin, in ya cije, ku sauka zuwa kalmomi, sannan haruffa. Ku lura da mai hadda. Za ku ga yana rero jimlar da ya saba ji tiryan-tiryan, amma yatsansa na kan wani layi dabam. Shi ya sa ba a ɗauko gwajin daga littafin aji.

Daga nan sai a raba yaran rukuni-rukuni bisa abin da suka iya, ba bisa aji ko shekaru ba, a ware musu awa ɗaya kullum. Masu haruffa su yi ta haɗa gaɓoɓi, masu kalmomi su gina jimloli, masu labari su karanta su amsa tambayoyi. Bayan mako shida a sake gwaji, wanda ya ci gaba ya canza rukuni. Wannan tsarin ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta ɓullo da shi. Yakan rushe ne idan aka bar rukunan yadda suke har zango ya ƙare, sai su zama "ajin daƙiƙai", ko kuma malami ya cinye awar don ya ƙarasa manhaja.

Batun sayayya kuwa, an gwada raba littattafan Turanci a ƙauyukan Kenya, sai ya zamana yaran da dama suke kan gaba ne kawai suka amfana, domin sauran ba su iya karanta su ba. A Peru ma an raba wa ɗalibai kwamfutoci, amma sakamakonsu a karatu da lissafi bai motsa ba.

Saboda haka kuɗin ya tafi ga katunan haruffa, ƙananan littattafan labari na kowane mataki, da horar da malaman da za su riƙe rukunan. In ya yi saura, a duba idon yaran da ke runtse ido idan suna kallon allo, a gyara banɗaki da ruwan sha. Fenti zai iya jiran baɗi.