Sayen motar hannu a kan bashi bayan banki ya ƙi ka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kaduna, ina sayar da kayan masarufi, kuma ina bukatar mota don ɗauko kaya da kai yara makaranta. Na nemi rance a bankina suka ƙi, suka ce sunana ya fito da wani bashin manhajar waya da ban kammala biya ba. Yanzu wani mai sayar da motoci a unguwarmu ya yarda ya ba ni Toyota Corolla ta hannu. Kuɗinta hannu da hannu naira miliyan 6 ne, amma a kan bashi miliyan 7.8: in ba da kafin alƙalami miliyan 2.4, sauran kuma in riƙa biyan 450,000 duk wata har shekara guda. Ya ce shi ba ruwansa da abin da banki ya rubuta a kaina. In karɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar da ta fi kwantar maka da hankali, wato cewa dilan ba ruwansa da tarihinka a banki, ita ce nake so ka fara dubawa da kyau. Da ruwansa ƙwarai, sai dai shi a cikin farashi yake saka abin. Ya san mafi yawan masu zuwa wurinsa neman mota a kan bashi sun riga sun buga ƙofar banki ba a buɗe musu ba, don haka ya ƙiyasta cewa wasunsu za su gaza biya, ya raba asarar da yake tsoro a kan kowa, sannan ya tanadi hanyar ɗauke motarsa cikin sauƙi daga hannun wanda ya gaza. Ba ina zarginsa da zalunci ba ne, domin shi ma jarinsa yake karewa, amma ya kamata ka shiga cinikin da sanin cewa tsohon bashin nan kana biyan kuɗinsa a nan ma.

Mu yi lissafin tare. Kai kana ganin ƙarin miliyan 1.8 a kan miliyan 6, wato kashi 30 cikin 100. Amma ba miliyan 6 ya bar maka bashi ba, tunda miliyan 2.4 daga aljihunka za ta fito tun ranar farko. Abin da ya ɗaga maka miliyan 3.6 ne, kuma a kansa za ka biya miliyan 5.4, ka ga ƙarin ya zama kashi 50 ke nan. Bugu da ƙari, ba za ka riƙe wannan miliyan 3.6 har ƙarshen shekara ba, tun watan farko za ka fara mayar masa, ta yadda zuwa tsakiyar shekara wani kaso mai yawa ya riga ya koma hannunsa. Idan aka auna shi yadda bankuna suke auna rance, ya kusa kashi 7 cikin 100 a kowane wata, sama da kashi 80 a shekara. Ko a ƙarshen 2024, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa zuwa kashi 27.5 kowa yana kuka da tsadar rance, abin da ake nema a wurinka ya ninka wancan ma'auni kusan sau uku.

Kuma 450,000 ba ita kaɗai motar za ta riƙa ci a wata ba. Akwai mai, wanda tun cire tallafi a watan Mayun 2023 ya zama babban nauyi ga duk mai mota, akwai juyen baƙin mai da tayoyi, da gyaran da kusan kowace motar hannu take zuwa da shi a watannin farko. Akwai kuma inshora, wadda mutane suke rainawa. Ta naira 15,000 da doka ta wajabta, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta biyan komai a kan motarka. Idan aka sace motar ko ta yi mummunan hatsari a wata na uku, bashin yana nan daram, za ka ci gaba da biyan abin da ba ka hawa. Cikakkiyar inshora ce take rufe wannan, kuma hukumar kula da inshora ta ƙasa, wato NAICOM, ta ƙayyade tun farkon 2023 cewa kuɗinta ba zai gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota ba, wato kimanin 300,000 a shekara a taka motar. Abin da ya fi damuna a matsayinka na ɗan kasuwa shi ne inda miliyan 2.4 za ta fito. Idan daga jarin shago ne, to ka rage abin da zai haifo maka kuɗin biyan wata-wata tun kafin ka fara biya.

Idan duk da haka ka ga za ka iya, to ka fara da motar kafin takarda. Ka je da bakanikenka wanda kai kake biya, ba wanda dilan ya kira ba, ku je da safe a tayar da injin yana sanyi, a jona mata kwamfuta, a tuƙa ta a kan babban titi har giya ta shiga dukkan matakanta, a ɗaga kafet a duba ko ruwa ya taɓa cinye ta. Ka gwada lambar cesis da ke jikin motar da wadda ke cikin kowace takarda, harafi bayan harafi. Takardar kwastam kuwa kada ka gamsu da ganinta kawai, ka kai ta ofishin kwastam a tabbatar maka an biya kuɗin fito da gaske, domin tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma motar da ta shigo ta ɓarauniyar hanya ana iya kama ta a hannun wanda ya saya, ko da bai san komai ba. Ka tambaya kuma ko motar ta dilan ce ko ajiya aka kawo masa ya sayar, saboda ƙananan diloli da yawa motocin mutane ne a filinsu. Idan ajiya ce, sai mai ita ya sa hannu a yarjejeniyar, in ba haka ba wata rana zai iya zuwa ya ce shi bai amince a sayar da motarsa bashi ba.

Yarjejeniyar ita ce inda mutane suka fi cutuwa, yawanci saboda kunya, wai kada a ce ba su yarda da mutum ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka babu abin kunya a nan. Dole takardar ta faɗi farashin hannu da hannu, da jimillar farashin bashi, da ranar biyan kowane wata, da kwanakin sassauci idan an makara. Dole ta faɗi wa ke da motar kafin a gama biya, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce. Idan sayarwa ce kai tsaye, motar taka ce, shi kuɗi yake bin ka. Idan kuwa haya ce da za ta rikiɗe ta zama mallaka bayan biyan ƙarshe, motar tasa ce har ranar, kuma dokar 1965 da ta tsara irin wannan ciniki ita ce za ta yi aiki. Wannan doka ta wajabta a rubuta yarjejeniya, ka sa hannu, a ba ka kwafinka, kuma ta ce idan ka biya kashi uku cikin biyar na jimillar kuɗin mota, mai ita ba shi da ikon ƙwace ta sai ta hanyar kotu, ko da yake idan biya uku suka taru a kanka yana iya ɗauke ta ya ajiye kafin kotu ta yanke hukunci. A lissafinka kashi uku cikin biyar naira miliyan 4.68 ne, wanda za ka haye shi da biya na shida. Kafin nan kariyarka 'yar kaɗan ce, shi ya sa nake so a rubuta ƙarara abin da zai faru da kuɗin da ka riga ka biya idan aka karɓe motar: a sayar da ita a bainar shaidu, dila ya cire abin da ya rage masa, a ba ka saura. Idan ya ƙi amincewa da wannan sharaɗi, ka haƙura da motar. Ka tambaya kuma ko an saka mata na'urar bin sawu mai iya kashe inji daga nesa, da sharuɗɗan amfani da ita, sannan kowane biya ka yi shi ta banki zuwa asusun da aka rubuta a takarda. Kuɗin da lauya zai karɓa ya karanta maka shafi biyu bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

Ra'ayina dai shi ne kada ka karɓa a kan waɗannan sharuɗɗa. Wanda yake da miliyan 2.4 a hannu kuma yake iya fitar da 450,000 duk wata, cikin wata 8 zai tara miliyan 6 ya sayi motar ba tare da ƙarin sisi ba, kuma ko farashi ya ɗan hau a tsakani, da wuya hawan ya kai miliyan 1.8. A cikin waɗannan watanni ka gyara sunanka. Dokar bayanan bashi ta 2017 ta ba ka damar karɓar rahoton bashinka kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanonin da ke ajiye wannan bayani, wato CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Ka karɓa ka ga abin da aka rubuta, ka biya abin da ya rage wa masu manhajar, ka karɓi takardar shaidar kammala biya, sannan ka bi har sai an sabunta bayanin, domin ba kullum suke aikawa da kansu ba.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Zariya. Maigidana yana so ya karɓi mota bashi, amma ina jin tsoron ƙarin da aka yi a kan farashin kada ya zama kuɗin ruwa. Kuma an ce duk watan da ya makara za a ƙara masa kashi 5 cikin 100.

Amsa: Malama, abubuwa biyu ne a nan, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Mafi yawan malamai sun halatta a sayar da kaya da farashi mafi tsada saboda jinkirin biya, matuƙar an tsayar da farashi guda tun a zaman ciniki, an san wa'adi, kuma mai sayarwa ya mallaki kayan. A kan wannan tushe bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, suke yin cinikin murabaha, wato banki ya sayi kaya ya sayar wa mutum da riba sananniya a biya daga baya. Amma ƙarin da ake ɗorawa a kan bashi saboda an makara, mai bin bashi ya sa a aljihunsa, shi ne abin da malamai suka haɗu a kan haramcinsa. Ku nemi a cire wannan sharaɗi, kuma ku kai wa malamin da kuka amince da shi ainihin takardar ya karanta, ba labarinta ba. Ki sani kuma waɗannan bankuna su ma suna duba tarihin bashi kamar sauran. Tunda ke ma'aikaciya ce, ki bincika ƙungiyar gama kai ta malaman makarantarku, domin irin waɗannan ƙungiyoyi da albashi da ajiyar mutum suke aunawa, kuma ƙarinsu yakan yi sauƙi fiye da na dila.

Tambaya: Ƙanena zai karɓi mota don yin haya, dilan ya ce sai wani ma'aikaci ya tsaya masa, ya kuma ajiye cak guda 12 da sa hannunsa. Ni ya nema. Ina jin nauyin in ce a'a.

Amsa: Yallaɓai, tsaya wa mutum a bashi ɗaukar bashin ne idan ya gaza, don haka ka tambayi kanka ko albashinka zai iya ɗaukar biyan wata-wata ba tare da gidanka ya shiga ƙunci ba. Idan zai iya kuma kana so ka taimaka, ka tsaya masa a rubuce, a ƙayyade iyakar kuɗin da ka lamunce, a kuma rubuta cewa za a sanar da kai tun makarar farko. Cak ɗin kuwa kada ka bayar. Bashi a kan kansa magana ce ta kotun farar hula, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum saboda saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Amma cak ɗin da aka kai banki ya dawo saboda babu kuɗi a asusu laifi ne a ƙarƙashin dokar cak ta 1977, wanda hukuncinsa ɗaurin shekara 2 ne, kuma sunan wanda ya sa hannu ne zai fito, ba na wanda yake tuƙa motar ba. Motar haya kuma takan kwana a gareji a lokacin da ba a zata ba, ranar biya kuwa ba ta matsawa. Idan dilan ya dage sai da cak, ka ba ƙanenka gudunmawar abin da za ka iya bayarwa kyauta a ƙara a kafin alƙalami, domin bashin ya ragu, shi kuma ya nemi dilan da zai karɓi takardun motar na asali a matsayin jingina har ya gama biya.