Shin ƙwayar zarra za ta iya fitar da haske a sararin da babu komai?

Ƙanena, ka ce malaminku a jami'ar nan ta Damagaram ya ambaci hasken Cherenkov, kana tambaya ko yana yiwuwa a sararin da babu ruwa babu iska. Bisa ka'idar Einstein, a'a.

Gudun haske kusan kilomita 300,000 ne a daƙiƙa, amma cikin ruwa yana sauka zuwa wajen 225,000. Ilektoron (ƙaramar ƙwaya ce da ke cikin zarra) mai ƙarfi na iya wuce wannan gudun, sai ruwan ya ɗau shuɗin haske, irin wanda ake gani a tafkin tashar nukiliya. Pavel Cherenkov ya lura da shi a 1934. A sararin da babu komai kuwa babu mai riga haske, domin daidaiton Lorentz ya ce dokokin halitta ɗaya suke ko ina ka fuskanta, kome saurinka.

To in daidaiton nan ya karye, ko da ƙiris ne, iyakar gudun wata ƙwaya na iya zarce ta haske. Sai ta riƙa fitar da haske irin na Cherenkov, tana zubar da ƙarfinta tana tafe, kamar buhun gero mai huda a kan amalanke.

A 2011 gwajin OPERA ya ce wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira nutirino, da aka harba daga cibiyar binciken kimiyya ta CERN, sun riga haske isa Gran Sasso a Italiya, tafiyar kilomita 730. Masana kimiyya biyu, Cohen da Glashow, suka ce da haka ne, da sun zubar da ƙarfinsu a hanya. A 2012 aka gano wata wayar na'urar auna lokaci ce ba ta zauna daidai ba, shi ya jawo kuskure a awon.

Ni hujjar da ta fi gamsar da ni, ƙwayoyi masu tsananin ƙarfi daga nesan samaniya suna iso mana da ƙarfinsu. Har yau ba a ga karyewar ba.